Ki Hau Jirgin Lahadi, Yamini

Zuwa ga Yamini, barkonon Guntur mai sa hawaye ana ƙara loma, mangwaron farkon bazara, walƙiyar gaban raga, sarauniyar masu taurin kai!

Gaisuwa mai tarin yawa, da ƙaunar da ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Na so in kira ki iskar damina mai sanyaya zuciya, kamar yadda masoya ke yi, sai na tuna ke da iska ba kwa ga-maciji. Wace mace ce in ba ke ba za ta shiga zauren badminton cikin zafin nan da tsofaffi ke cewa yana fasa turmi, ta kashe fanka, ta rufe tagogi, don kada iska ta karkatar mata da ƙwallon gashi? Na so in ce ke wata ce daren sha huɗu, to ai wata ba ya harara. Shi ya sa na bar ki a barkono. A gidan masu sayar da shi aka haife ni, tun daga nesa nake gane mai kyau.

Kada ki yi mamakin samun wasiƙa cikin kwalin ƙwallayenki. Shi kaɗai na tabbata za ki buɗe da hannunki. In na tsaya gabanki kuwa, ba zan kai ƙarshen magana ba za ki ce "Tawa ce!" ki karɓe ta, yadda kike yi wa duk ƙwallon da ta biyo tsakiyarmu.

Koci Subbarao ya gaya mini komai. An kira ki sansanin 'yan wasan ƙasa a Hyderabad, za a haɗa ki da wani dogon yaro ɗan Punjab mai suna Jaskaran, ke kuma kika dubi tsabar idon tsohon nan kika ce, "In ba da Koti ba, su riƙe sansaninsu," wato in ba da ni ba. Ya tare ni a bakin zaure yana fifita da tawul, ya ce, "Kai ɗan barkono, je ka yi wa mahaukaciyar nan magana, ni bakina ya gaji. In Lahadi ta yi ba ta hau jirgin ƙasa ba, wata za su ɗauka, kuma ba a kira sau biyu."

Ya hasken idona, kin san abin da na fara ji? Daɗi! Ba zan ɓoye miki ba. Kaina ya kumbura, na ratsa kasuwar barkono ina tafiyar ango, har babana ya leƙo daga bayan buhuna ya ce, "Lafiya? Ko dai yau an yi kuskure ka ci wasa?" Yini guda ina ɗauke da maganarki a ƙirji kamar lambar zinariya. Da yamma ta yi sai ta fara yi mini nauyi, kuma har yanzu ba ta daina ba.

Shekara da shekaru ke nan kina gaba ina baya. Duk faɗin Andhra babu wanda ya kai ni sanin ƙeyarki! Na san dogon kitson nan naki, yadda yake lilo in kina cikin nishaɗi, da yadda yake miƙewa in na zubar da ƙwallo mai sauƙi. Na san hannun hagun nan da kike zagayo da shi baya kafin ki saki ƙwallo: yatsa ɗaya, gajere za ki ba su, dunƙulen hannu, sama za ki ɗaga, in ja da baya in shirya. Wasu samarin ana rubuta musu waƙoƙi, ni da yatsu aka raine ni, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Amma wanda ke baya shi ke ganin fili duka, Yamini. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tun bara babu mai buga miki ƙwallo da gangan. Kocin kowace ƙungiya abu ɗaya yake raɗa wa yaransa, har ina jiyo shi: "Ku rabu da yarinyar, ku nemi yaron." Sai su yi ta ɗaga mini ita lungu-lungu har numfashina ya ƙare, ke kina gaban raga da raket, abin bugun ƙwallonki, a sama kamar mai jiran bas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowa a zauren ya san inda tsagar take. Na yi gudun safiya, na bar shinkafar dare, na ɗaga ƙarfe har kafaɗata ta yi ƙara. Na kai inda zan kai. Ni gwanin Guntur ne, watakila har Vijayawada in an yi sa'a, ke kuwa har yau ba a ga ƙarshen hannunki ba.

Kin tuna wasan ƙarshe a Rajahmundry? Haba, yaya za ki manta! Saura maki ɗaya a cinye mu, zaure ya cika, gumi ya shiga idona. Kika zagayo da hannu baya, na zuba ido ina jiran yatsa ɗaya ko dunƙule. Sai kika buɗe tafin gaba ɗaya, kika bar shi a buɗe. Babu wannan a cikin abin da muka koya. Na matso in tambaye ki, ba ki juyo ba, kika dai damƙe yatsuna kika matse, har alƙalin wasa ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa ya ce, "'Yan Guntur, wasa muke jira, ba ɗaurin aure ba." An cinye mu a bugun da ya biyo, ni na jefa ta raga. A motar komawa kin zage ni tun daga gadar Godavari har gida. Ban ji ko ɗaya ba, hannuna kawai nake kallo.

Daga ranar nan ban sake zama nawa ba. Wayyo Yamini! Wace irin ƙauna ce wannan, da ba ta taɓa fitowa ta bakinki ba, amma ta hana ni sakat a kasuwa, ta sa nake auna wa mutane barkono fiye da abin da suka saya? Kuma wane irin masoyi zan zama in na karɓi wannan hannu na ɗaure shi a ƙuguna, na ce nan za ki tsaya? Ki tuna babanki da tsohon babur ɗinsa, yana kai ki zaure tun kafin masu toya wainar dosa su hura wuta. Ki tuna kakarki, wadda har gobe take cewa, "Yarinya ta isa aure tana korar gashin kaza da rariya," amma ita ce ke riga kowa zuwa fasa kwakwa a wurin bauta duk ranar da za ki buga. Ba don ki ƙare kina gadin Koti suka yi ba.

To ga abin da ya sa na zaɓi takarda. Na je wurin Koci jiya, na cire sunana daga gasar Kakinada, da duk wadda ke bayanta. Na ce masa ba zan sake tsayawa bayanki a fili ba. Yanzu ba ki da abokin wasa a Guntur, sai dai in za ki ɗauki Ramana mai tumbi, wanda ke hutawa tsakanin bugu da bugu. Ki yi fushi, ya halatta. Ki karya raket ɗaya, amma tsohuwar, ba sabuwar ba. Ki zo kasuwa ki zage ni gaban babana, zai ba ki kujera ya taya ki. In kin gama, ki haɗa kayanki.

Kada ki zaci da sauƙi na yi. Tsoro nake ji, ya sanyin raina, tsoro mai yawa. Wani zai tsaya inda nake tsayawa. Wani dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya warin barkono balle ya sa ki atishawa, shi zai riƙa kallon kitsonki yana karanta yatsunki. Za ki hau jirgin sama zuwa garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, 'yan jarida su koyi rubuta sunanki daidai. Wa ya san ko wata rana za a ce Koti, ki ce wanne? Na auna wannan duka, na ga gara in rasa ki kina sama da in same ki kina duban talabijin kina cewa, "Da yanzu ni ce a can."

Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki koya wa ɗan Punjab yatsa ɗaya, ki koya masa dunƙule, ki ƙirƙiro masa wasu goma in kin so. Ki gargaɗe shi ma cewa duk ƙwallon tsakiya taki ce, ya huta da gardama. Amma buɗaɗɗen tafin nan na Rajahmundry, shi kada ki koya wa kowa.

Ni kuma ga nawa alkawarin. An ce a sansani ana auna wa mutum abinci a sikeli, ba yaji ba mai. Duk wata zan shigo Hyderabad da kwalbar yajin yakuwa na mahaifiyata a ƙasan jaka, in miƙa miki ta bayan katanga kamar ɓarawo. Duk wasan da za ki buga, ina gaban akwatin talabijin ina yi wa dogon yaron nan ihu ya ja baya, ko da kuwa ba ya ji na.

Ranar Lahadi zan zo tasha. Ba zan tsaya cikin danginki masu rataya miki furanni ba, zan tsaya inda kika saba sanina, taku biyu a bayanki. In kin taka matakalar jirgi kada ki juyo. Na san ki, in kika juyo za ki sauko, ni kuma ba ni da ƙarfin korarki sau biyu. Ki dai zagayo da hannun hagu baya. In na ga dunƙule, na san fushi bai huce ba, zan ja baya in shirya, in jira komai daɗewa. In kuwa kika buɗe shi, Yamini, to ki yi haƙuri da direba, don sai na riƙe kafin ya tashi.

Naki tun kafin ki sani, naki ko kin ci ko an cinye ki, naki har ranar da barkonon Guntur zai daina yaji,

Koteswara, wanda kike kira Koti sarkin nawa,
mai tsaron bayanki har abada.