Gurbin Karsanar Halima

Kaduna, Oktoba 2006

Hamma Jalo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Adda Laraba da yara. Ya jikin Baffa?

Na san za ka ce na ƙi zuwa gida. Ba ƙi ba ne, tsoro ne. Tun ranar da Baffa ya dube ni ya ce, "'Yar wane gida ce wannan?" ban sake samun natsuwa ba. In na zauna sai in tashi, in na tashi in rasa abin da na tashi yi.

Ujunwa mai atamfa za ta ajiye maka saƙo a shagonta na kasuwar Azare. Zanen fenti ne na yi na garkenmu na da, kafin ciwo ya cinye shi. Kada ka nemi ƙaho ko ƙafa, babu. Launi ne kawai, fari da ja da baƙi, yadda nake tuna su in sun cunkushe a bakin rafi. Wuri ɗaya na bari ba fenti, gurbin karsanar da Baffa ya ba ni. Na manta launinta, Hamma, kuma abin yana cina. Don Allah ka tuna mini.

Ƙanwarka,
Halimatussa'adiyya

*

Sakwa, Nuwamba 2006

Halima,

Wa alaikumussalam. Kowa lafiya, Baffa yana nan yadda kika bar shi. Jiya ni ma ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu.

Saƙo ya iso. Na buɗe, na juya shi ta kowane ɓangare, ban ga ko jelar saniya ba. Wannan ne karatun da kika yi shekaru kina yi? Karsanarki kuwa, ni na ce baƙa ce, Laraba ta rantse ja ce, har muka kusa ɓatawa.

Sai ki yi haƙuri da abu ɗaya. Na ajiye shi a naɗe na tafi Katagum cin kasuwa. Laraba ta ga yadi mai kauri, ta ɗauka tampol kika aiko mata. Ko da na dawo, ta shimfiɗa shi a tsakar gida tana shanya kuɓewa. Ta ce a gaya miki ba ta taɓa samun abin shanya mai kyansa ba.

Yayanki,
Jalo

*

Kaduna, Nuwamba 2006

Hamma,

Bayan gaisuwa. Kuɓewa. Wata nawa ina fama da shi, ga masu baje kolin zane suna bina in ba su, na hana. Na yi dariya, daga baya na yi kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Ka naɗe shi ka mayar wa Ujunwa. Don Baffa na yi shi, amma dama wauta ce, mutumin da bai gane fuskata ba me zai gani a dabbare-dabbaren fenti?

Ka gaida Adda, ban riƙe ta ba.

Halima

*

Sakwa, Disamba 2006

Halima,

Sallama. Zane ba zai dawo ba, Baffa ya hana.

Da Laraba ta kwashe kuɓewar, yana zaune a gindin darbejiya. Sai ya taso da sandarsa ya tsaya a kansa. Ya fara nunawa yana kiran sunayen shanun, wannan Saye, wannan Ɓaleye, yana yi musu irin kiran nan nasa na yamma. Da ya zo wurin da kika bari, sai ya ce, "Nan Wule take tsayawa, ja mai farin goshi, ta Halima. Yarinyar nan ta tafi da ita rafi, har yanzu shiru."

Laraba ce ta yi gaskiya, kuma ba ta bar ni na huta ba.

Tun ranar, kullum la'asar sai ya fita ƙofar gida ya zauna yana kallon hanyar rafi. Ya ce ba zai shiga ba sai kin shigo da ita. Da ƙyar muke lallashinsa in magariba ta yi.

Ban yi miki alkawarin zai gane fuskarki ba. Amma ke yake jira. In kin sauka a Azare ki hau motar Sakwa, ki biyo ta hanyar rafi.

Yayanki,
Jalo