Ya Goge Wasana Don Ya Sa Nasa

Anti Jumai, don Allah ki ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Guangzhou. Maigidana, Baban Amira, yana sarin wandunan jins a Xintang, in ya fita da safe sai magariba. Ba na jin yaren garin, ba na fita, shi ne ya sayo mana na'urar wasan gem. Na samu wani wasa da za ki hau doki ki nufi duk inda kika ga dama. Sarkin da aka ce in ceto ko kallo bai ishe ni ba. Na hau duwatsu, na shiga koguna, na gano wani ƙauye a bayan tafki, har gida na gina a can.

Shi kuwa nasa wasan surutu ne zalla. Sarakuna da matsafa suna ta zuba, shi yana zaune baki buɗe kamar mai kallon fim ɗin Indiya. Ƙato da gemu, ranar da aka kashe wani jarumi a ciki har hawaye ya yi. Amma wai nawa ne yawon banza, tunda ba labari.

Makon jiya ya goge nawa don kashi na biyu na nasa ya samu wuri a na'urar. Da na yi magana ya yi dariya, ya ce ai ba abin da na cim ma. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu, har na fara tunanin komawa gida.

Mai Doki, Guangzhou

Mai Doki,

Mutumin da ya yi kuka don jarumin da wani ya ƙirƙira, ya kuma yi dariya don matarsa ta rasa abin da ta gina da hannunta, bai fahimci labari ba ko kaɗan. Ya yi rashin kyautawa.

Amma ke ma kin iya raini. Wani yana so a ba shi labari, wani yana so ya nemo nasa, ba wanda ya fi wani hankali. Ki bar gemunsa ya huta.

Gaba ba za ta gaya masa komai ba. Zaunar da shi, ki ce masa wannan wasan ne kaɗai ƙofar da kike fita ta cikinta. Ina zargin bai taɓa lissafa haka ba. Ya ba ki haƙuri, ya sayo wa na'urar ƙarin ma'aji, sannan ranar Juma'a ya kai ki masallaci ki san matan Kano da Maraɗi da ke garin. Batun komawa gida kuwa, ajiye shi tukuna.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya Amira.

Anti Jumai