Kalmar da Na Soke da Jan Biro

Ya ke sanyin idona, inuwata da tsakar rana, ruwan randata, mai allurar da ta ɗinke rayuwata tun tana yage-yage! Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda kunya ta hana shi ɗaga ido. Gida ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke sa hannu, amma yau kwana tara ban ga haƙoranki ba. Shi ya sa na rubuto, zan kuma saka takardar nan a aljihun keken ɗinkinki, cikin zare da maɓallai, inda na san hannunki ba zai wuce ta ba.

Kin tuna ranar Talatar nan? Ni kam ta zame mini ƙaya a maƙogwaro. Ina ɗakin malamai, littattafan ɗalibai sun taru a gabana har sun kusa rufe ni, sai wata 'yar takarda ta faɗo daga tsakiyarsu. Rubutunki ne, manya-manyan baƙaƙe a tsaye kamar masu jiran layi. Turanci! Ke da shekara takwas muna tare ban taɓa jin kin haɗa jimla ɗaya da shi ba. Ashe wata uku kina rufe shago da la'asar kina zuwa ajin manya a ɓoye, don ki ba ni mamaki. Kalma uku kika rubuta: I lost you.

Me na yi, ni mijinki? Ban ji zuciyata ta motsa ba, hannuna ne ya motsa. Jan biro yana tsakanin yatsuna, sai kawai na soke lost, na rubuta miss a samansa, har na ƙara a ƙasa, kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyu: ki gan ni a ofis. Wai ni a dole na yi barkwanci. Kaico! Da na tsaya nan ma da sauƙi. Na dawo gida na tarar da Yayarki da ƙanwata a falo, na zaro takardar ina kaɗa ta kamar wanda ya ci gasa, na ce, "Ku zo ku ga sabuwar ɗalibata, wai ta ɓatar da ni, ko a kasuwa na faɗi oho!" Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ke ma kin yi dariyar, 'yar guntuwa, kika karɓi takardar kika ninke ta gida huɗu, kika ce, "Na gode da gyara, Malam." Tun ranar sunana Malam. Sunan nan da kike kirana da shi, wanda ba zan rubuta ba don namu ne mu biyu, na neme shi na rasa.

Ni kuwa da kaurin kai ban gane komai ba sai shekaranjiya, da na leƙa shago na kawo miki makullin da kika manta. A kan teburin yanka na ga littafinki na aji, kin bi shi da almakashi kina fitar da siffar wuya da hannun rigar yara. Na ɗauki wani yanki, ga rabin kalmomi a jikinsa, kin maimaita kowace sau goma. Wallahi ji na yi kamar fatata aka yanka. Kika ce, ba tare da kin cire ƙafa daga keke ba, "Takarda ce, gara ta yi amfani."

Jiya kuma Allah ya kama ni da hannuna. Darasin 'yan aji uku ya faɗo kan kalmar nan dai, miss, ma'anoninta da 'yan'uwanta. Na buɗe ƙamus ina kwafa a allo da gadarar nan tawa. Ka yi jifa ka kuskure, ita ce. Ka iso tasha mota ta tashi, ita ce. A yi magana a gabanka ta wuce ka ba ka kama ba, ita ce. Ka ƙi halartar inda ake jiranka, ita ce. Kewa, wadda na ɗauka ita kaɗai kike nufi, can ƙasa take. Da na zo kan kalmomin da ke iya zama a madadinta, sai ga lose, uwar lost ɗinki, zaune daram a cikin jerin. Allin ya tsaya a hannuna. Ɗalibai arba'in suna kallon bayana, ni kuma ina karanta laifuffukana a allo da rubutun hannuna. Wace ce a ciki ban yi miki ba? Ranar da kika buɗe shago ina wajen taron malamai. Ranar da aka cire miki haƙori na ce ina da jarrabawa. Sau nawa kina ba ni labari ina cewa "uhm" idona na kan littafin ɗan wani?

Daga makaranta gidan Yayarki na zarce, don in roƙe ta ta sa baki. Ko ruwa ba ta ba ni ba. Ta ce, "Kai da karatun naka! Ka ɗauka ba ta san miss ɗin ba ne? Sati guda tana juya su biyun, ita da lost, har malamarsu ta tambaya. Aka ce mata miss ta wanda ya yi tafiya ce. Ta ce ai nawa bai je ko'ina ba, yana nan a kan tebur, rasa shi na yi." Na fito ban san ta wace ƙofa na bi ba.

Ashe ba ki yi kuskure ba, farin watana! Kin auna kalmar kamar yadda kike auna yadi, sau biyu kafin ki yanka, ni kuma na zo na soke gaskiya na rubuta abin da ya fi mini daɗin ji. Shekara goma sha biyar ina koyar da harshen nan, jimla ɗaya tak aka taɓa rubutawa domina, ita ce kuma na kasa karantawa. Wane irin malami ne wannan? Wane irin miji?

Ba na roƙon ki manta, don ni ma ba zan manta ba. Abu biyu nake roƙo. Yaya ta ce ranar Alhamis mai zuwa ake rufe rubuta sunayen masu jarrabawar ajinku, kuma kin ce kin fasa. Don Allah kada wautata ta cinye miki wahalar wata uku. Na sayo sabon littafi, yana ƙarƙashin takardar nan. Ki koma, zan zauna a shago da la'asar in karɓi ɗinki in ba masu karɓa haƙuri, ko da za su yi ta dariyar malamin da bai san zif daga maɓalli ba. Ba zan duba aikinki ba sai kin miƙo mini da kanki.

Na biyun ya fi nauyi. Na sha ganin allura ta faɗi miki a shago, ba kya cewa ta tafi, durƙusawa kike ki ja maganaɗisu a ƙasan keke har ta manne. Ki yi mini haka, zumar raina. Ban yi nisa ba, ina nan kusa da ƙafarki.

Jan biron yana cikin ambulan. Naki ne yanzu. Ki bi wasiƙar nan layi-layi, ki soke duk inda kika ga ƙarya, ki ba ni makin da na cancanta. Idan kuma akwai sauran tausayina a ranki, ki rubuta a ƙasa abin da na rubuta miki, ki gan ni. Wallahi da gudu zan zo.

Naki, yau da gobe har ranar da numfashi zai ƙare,
ɗalibinki da ya faɗi jarrabawa, yake roƙon a bar shi ya sake.