Na Gwada Sabon Faifai a Kwamfutar Baba

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana uku ke nan kaina a ɗaure yake.

Ni ma'aikaciyar laburare ce. Bara na shiga wata ƙungiyar 'yan sa-kai a intanet masu haɗa babbar manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda kowa ke iya ɗauka ya gyara. Ban iya rubuta manhaja ba, gwaji ne nawa. In sun haɗa sabon faifan girkawa, wato mai ɗora manhajar a kwamfuta, sai su turo mana da takardar matakai, mu bi ɗaya bayan ɗaya mu faɗi inda ya yi tuntuɓe. Ina son aikin nan, don nan ne kaɗai ake tambayar ra'ayina har a rubuta.

Ran Litinin aka turo sabo, tawa kwamfutar kuwa tana wurin mai gyara. Sai idona ya faɗa kan ta Baba da ke falo. Mahaifina tsohon direban jirgin ƙasa ne, shekara huɗu yana buga tarihin rayuwarsa a cikinta da yatsu biyu. Bai yarda a karanta ba, bai yarda a kwafa ba, wai sai ya kai ƙarshe. Ranar ya tafi ganin likitan ido. Na kwance murfin kwamfutar na jona wani rumbun ajiyar bayanai nawa da babu komai a ciki, da niyyar in girka a kansa in cire kafin ya dawo. Na san ya kamata in zare rumbun Baba tukuna. Na ga wayoyi sun cukurkuɗe, na yi ƙyuya.

Da faifan ya tambayi inda zai girka, sai ya nuna rumbu biyu, girmansu ɗaya, sunayensu wasu lambobi kamar 'yan biyu. Na zaɓi na ƙasa, a tunanina wanda aka jona daga baya shi ne a ƙasa. Da na sake kunnawa, sabuwar manhaja ta fito tsaf, ta Baba kuwa ko alamarta babu.

Ga inda na ƙara kwaɓa ta. Ƙa'idarmu ita ce, in kin ga matsala ki maimaita gwajin kafin ki kai rahoto. Sai na maimaita, wannan karon na zaɓi na sama, don na ɗauka na ƙasan ne na Baba, kada in sake taɓa shi.

Na tambaya a ƙungiya. Wani ya ce ai na goge duka biyun. Wata ta ce jerin rumbunan yakan juya in an sake kunnawa, ƙila nawa na goge sau biyu, na Baba yana nan, hanyar shigarsa ce kawai ta ɓace. Ko kuma nasa ne sau biyu. Na zana a takarda da kibiyoyi, na ƙara ruɗewa. Tsoro ya hana ni dubawa.

Na ce wa Baba gyara ake yi wa kwamfutar. Bai yi musu ba, ya koma rubutu da biro a bayan tsohuwar kalanda, yana ba da labarin ranar da ya fara ganin marigayiya mahaifiyata, wai in an gama gyara ya buga. Ran Juma'a za a saki faifan ga jama'a, ban kai rahoto ba. Laifin faifan ne ko nawa? Kuma da wane baki zan faɗa wa Baba?

'Yar laburare

*

'Yata, ki fara da abin da ba ya jira. Ki kashe kwamfutar, ki zare ta daga wuta, kada ki sake kunna ta ko don leƙe. Na tambayi masu wannan sana'a, sun ce abin da aka goge yakan saura a rumbu matuƙar ba a yi sabon rubutu a kansa ba, kuma duk kunnawa sabon rubutu ne. Ki kai rumbunan biyu wurin mai aikin dawo da bayanai, ki faɗa masa komai, har da karo na biyun. Shi zai gano wanda aka goge, ki ajiye kibiyoyinki.

Batun laifi kuwa, rabawa za ku yi. Kin taɓa kayan mutum ba izini, kin kuma tsallake matakin da kin san shi, wannan naki ne. Amma faifan da ke nuna rumbu biyu ba yadda za a bambanta su, shi ma da gyara. In ke mai gwaji kin ruɗe, ina ga wanda bai taɓa girka komai ba? Ki kai rahoton yau, ki rubuta kuskurenki a ciki ba kwana-kwana. Aikin da kika ɗauka ke nan.

Baba ma yana da nasa, shekara huɗu ba kwafi ko ɗaya. Sai dai ba ke za ki faɗa masa haka ba, ba kuma yanzu ba.

Ki same shi yau, kada ki jira sakamako. Na san kina so ki je masa da labari mai daɗi, amma kowace safiya da kika ce ana gyara, wani abin kike gogewa wanda babu mai dawo da shi. Ki zauna ƙasa ki faɗa. In ya yi faɗa ki shanye, in ya yi shiru ki bar shi da shirunsa, haƙƙinsa ne.

Rubutun yana iya dawowa duka, ko rabi, ko ya ƙi. Amma wanda ya rayu da labarin yana falonku da ransa da hankalinsa, kuma da yawa a cikinmu ba mu da wannan gatan. In ya huce, ki roƙe shi ya faɗa ki buga. Allah Ya dawo da rubutun, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya ba ki ƙarfin buɗe baki.