Abin kama gashin mahaifiyarki

Uwata,

Mun yi ciniki da 'yarki da safen nan. Kitsonta ya warware, ta ce ba za ta makaranta ba, dariya za a yi mata. Na ce me zan ba ta ta tsaya in taje? Ta ce abin kama gashin kakarta, mai haƙoran nan da ɗigo-ɗigo ruwan zuma, wanda kika ɓoye a durowa tun rasuwar. Na ce na yau kaɗai. Ta ce, "Haba tsoho, har gobe." Na sallama.

Ban iya gyaran gashi ba, amma na sha kallon mahaifiyarki gaban madubi. Na tattara, na murɗe sama, na danne. Ya zauna daram.

Na wuce shago. Na san kin hana taɓa shi, ki yi haƙuri. In ta dawo kada ki cire mata, ni na buɗe durowar.

Ita ta ci riba, ta tafi tana yauƙi. Ni na faɗi. Da ta juya za ta fita, ƙeyar mahaifiyarki na gani sak, na kasa ce mata a dawo lafiya.

Babanki