Ta Tafi da Littafina

Assalamu alaikum Ya Kaltum,

Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu a Gwange lafiya lau.

Ɗalibar jami'ar da ke koya mana lissafi a ƙungiyar mata ta daina zuwa. Zangonsu ya ƙare, ta tafi da littafina ta nuna wa malaminta. Kunya ta hana ni magana.

Hajiya shugabar ƙungiyar ta ce, "Ɗaliban nan maki suke nema, ba ku ba. Na daina karɓarsu."

To wa zai ƙarasa mana? Jarrabawar shiga sakandare saura wata guda, na kasa zaune na kasa tsaye. Gobe zan roƙi Hajiya ta haƙura ta karɓi wata ɗalibar. Ki yi mini addu'a bakina ya buɗe.

Ki gaida Baba Modu.

Ƙanwarki,
Yagana