Ɗakin da Sa'adu Ya Kama

Dakoro, ranar Lahadi

Zuwa ga mai ɗakina Balkisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Yamai lafiya. Yaya gajiyar motar kar, yaya kuma ƙafar nan taki? Ki gaishe mini da ƙanena Sa'adu, da Aisata matarsa, da yara.

Ina sanar da ke, cikin alhini, rasuwar ƙaramar tukunyarki ta miya, wadda ta auku jiya bayan la'asar. Na ɗora wake na koma karatu, sai hayaƙi ya zo ya yi mini ta'aziyya. Marigayiyar ta bar murfi guda da mijin mai ita cikin yunwa.

Na rubuto a takarda ne saboda wayarki ba ta da sirri. Duk abin da na faɗa a cikinta, gidan Sa'adu kaf sai ya ji, har mai gadi.

Saƙon Sa'adu ya iso. Wai tunda ɗiyar farinmu ta gama karatun likita, ya kama ɗaki na musamman a wani babban gidan abincin Indiyawa, in zo a ci. Ya turo hoton bidiyo: ƙofa ta katako mai sassaƙa, fitilu kamar na bikin aure, dogon teburi, kujeru sun fi goma. Na kalla sau uku don in tabbatar ban ji komai a raina ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne, mutumin da ya yi arziki da fataucin shanu ya rasa inda zai kai iyalinsa sai gidan mutanen da ba su yanka saniya. Ni da na karantar da taswirar Indiya a kolej shekara da shekaru ban taɓa ɗanɗana miyarsu ba, ga Sa'adu da ya bar karatun lakwal ya bi garke yana kama musu ɗaki.

Ba na ce ya yi laifi ba. Tun da aka yaye ɗiyar muka ba shi riƙo, kamar yadda ake yi da ɗan fari, shi ya ciyar, shi ya tufatar. Ni ko sunanta ban taɓa kamawa ba, haka muka gada. To wanda ya yi noma shi ke da damin. Ki ce masa ina da gyaran takardun jarrabawa, ba zan samu zuwa ba. Ki faɗa da murya mai nuna baƙin ciki, kin fi ni iyawa.

Ki huta lafiya. Naki,
Yazidu

Dakoro, ranar Alhamis

Zuwa ga Balkisu,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji daɗin jin cewa ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, an samu ruwa daren Talata, mutanen Sabon Maci har sun yi shuka.

Takardarki ta zo hannun direba. Kin ce kishi nake yi. Na duba kaina sosai, kamar yadda nake duba aikin ɗalibi, ban ga kishi ba. Abin da na gani ra'ayi ne, kuma yana da hujja.

Labarin ɗakin ya riga ni zuwa fada, majalisarmu ta shayi. Abdoulaye mai gyaran babur ya nuna wa kowa bidiyon kafin shayin farko ya nuna. Malam Samba ya ce ai a irin wannan ɗaki ma'aikacin ba ya shiga sai ya ƙwanƙwasa, kamar ofishin gwamna. Wani ya tambaye ni ko wace kujera aka ware mini. Na ce ta kusa da ƙofa, inda ake ajiye takalma. Suka yi dariya, ni ma na yi, tawa dai ta riga tasu ƙarewa.

Na san yadda zaman zai kasance, ba sai na je ba. Sa'adu a kan teburi cikin shadda mai sheƙi, abokansa dillalai dama da hagu, suna yagar gurasar Indiya suna tambayar ina naman. Wani zai tashi ya ce Allah ya saka wa Alhaji da ya ilmantar da ɗiyarsa. Ni kuma a gabatar da ni a matsayin yayan Alhaji da ya zo daga ƙauye. In na yi murmushi a ce Malam ba shi da kara, yana zumuɗi da ɗiyar fari a gaban mutane. In na ɗaure fuska a ce baƙin ciki nake. Kin ga kowace hanya na bi, na sha kaye, ga kuma yaji.

Kin rubuta cewa ranar da ɗiyar ta kare kundinta gaban malamanta, da ta zo godiya, ta ce Baba Sa'adu. Ban san abin da ya sa kika ga ya dace in san wannan ba. Na karanta wurin, na naɗe takardar, na fita na ba akuya dusa alhali ta riga ta ci. Ni fa na koya mata baƙi. Duk hutun damina da suka zo, ina zaunar da yaran maƙwabta a zaure in yi musu karatu da ƙarfi, don wadda ke laɓe bayan ƙofa ta ji. Ba yaran maƙwabta nake koya wa ba, waɗannan har yau ba su iya ba. Amma wannan ba abin da ake faɗa gaban malaman jami'a ba ne, kuma ba a kama masa ɗaki.

Kin ce an ɗaga ranar saboda jarrabawata. Wa ya ce a ɗaga? Ki ce su ci abinsu. Gyaran takardu abu ne mai tsawo, yana iya kai mu kaka.

Ki gaishe da kowa. Ita ma, in kin ga fuska, ki ce mutanen Dakoro suna sa albarka.

Mijinki,
Yazidu

Dakoro, ranar Asabar

Balkisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da ke da duk mutanen gidan.

Sa'adu ya zo kasuwar shanu, kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne da ya gama ciniki bai wuce masauki ba, nan ya zo, ya same ni a zaure ba takardar jarrabawa ko ɗaya a gabana. Ya duba tabarma, ya dube ni.

Na fara yi masa ba'ar saniya, bai yi dariya ba. Ya ce shi rumfa ya so ya kafa a ƙofar gida, ya yanka bajimi, ya tara unguwa. Ɗiyar ce ta hana. Ta ce in aka tara jama'a Malam zai zauna can nesa, ya yi mata sannu kamar ɗiyar maƙwabci, ya tashi kafin a kawo abinci, kamar yadda ya yi ranar da ta ci jarrabawar bakaloriya. Ita ta bi gidajen abincin Yamai da ƙafarta tana neman wanda ke da ɗaki mai ƙofa. Na Indiyawan ne ta ga ƙofarsa tana rufuwa ruf, kuma ba wanda ya san mu da zai leƙo. Shi nasa biya ne kawai.

Na tambaye shi kujerun nan fiye da goma na su wa ne. Ya ce ɗakin ne haka, ba su da ƙarami. Faranti uku ta ce a jera: nata, naki, nawa. Ta ce tun da take ba ta taɓa cin abinci da mu a wuri ɗaya ba, kuma ga shi an tura ta aiki asibitin Gure, ƙarshen wata za ta tafi. Kunya ta hana ta gaya mana, ta bar shi ya yi gayyar da sunansa. Sau biyu tana komawa tana roƙon mai gidan ya canza rana, wannan karon ya ce mata Laraba ce ta ƙarshe, akwai masu jira.

Na ce to shi da Aisata fa? Ya ɗauki hularsa yana juya ta a hannu. Ya ce, "Yaya, ni zan kawo ku in jira a mota. Ni na goya ta zuwa asibiti lokacin ƙyanda, amma ba ni aka nema wa ƙofa ba." Ya yi 'yar dariya, irin tawa ta fada. Ashe mu biyu ne muke ciwo ɗaya, shi dai bai ƙirƙiro jarrabawa ba.

Na ce ya zauna in dafa masa wake. Ya ce ya ji labarin tukunya, ya gode.

Yanzu abin da ke damuna daban ne. Ban san abin da mutum ke ce wa ɗiyarsa ba idan an rufe ƙofa. Na karanta littattafai da yawa, babu wanda ya kawo wannan babin. Ina jin zan tambaye ta sunan abincin ɗaya bayan ɗaya, in ya so daga nan Allah ya kawo magana. Ke ma kada ki sunkuyar da kai ki bar ni ni kaɗai, naki nauyin ya fi nawa.

Za mu taso tare da Sa'adu ranar Litinin. Ki ce mata kada ta sake zuwa wurin mai gidan abincin, Laraba ta yi.

Batun da kika faɗa a takardarki, gaskiyarki ne. Kishi ne, kuma ni ne ban yi daidai ba.

Sai mun iso. Naki,
Yazidu